Zuwa ga Edita: Ku Riƙa Tambayar Masu Ƙere-ƙere, Bolt Nawa?

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Ni mai gyaran rediyo da amfilifaya ne a cikin garin Gombe. Shekara 27 ke nan ina shaƙar hayaƙin dalma, kuma ban taɓa rubuto wa jarida ba sai yau.

Ƙorafi ne ya kawo ni. Sau da yawa nakan ga an buga labarin wani matashi da ya ƙera mota, ko jirgi maras matuƙi, ko injin ban ruwa. A ɗauki hotonsa yana murmushi kusa da abin, a ce Allah ya yi masa baiwa, a rufe da kira ga gwamnati da masu hannu da shuni su taimaka. Madalla, ba na ƙi ba ne. Amma yaron da ya karanta labarin a Kumo ko Bajoga, me ya ƙaru da shi? Sha'awa kawai. Ba a gaya masa kayan da aka haɗa ba, ba a gaya masa abin da ya ƙone kafin a kai ga hoton ba, alhali ilimin yana cikin abin da ya ƙone ɗin. To ni ga nawa labarin, da ƙonewarsa duka.

Ɗan ƙanwata yana bin masu kai kayan sauti wuraren biki. A wani zauren biki ya ga an kunna wata na'ura da ke rubuta sunan ango da amarya a bango da hasken leza, rubutun yana juyawa yana canja launi. Ya tambayi kuɗinta, aka faɗa masa, ya yi shiru. Daga nan ya ƙuduri aniyar sai ya haɗa tasa. Ya yi ta tari har ya yi odar kaya daga ƙasar Sin: kan leza mai launi uku, madubai biyu masu motsi da ake kira galbo tare da fanel ɗin da ke tuƙa su, akwatin wutarsu, da ƙaramar kwamfutar nan ta ESP32 da ba ta wuce babban yatsa ba. Ni majigi nake ce wa abin, shi kuma ya yi ta dariya wai na tsufa.

Yadda majigin ke aiki ba wani tsafi ba ne. Ɗigon haske ɗaya ne tak. Madubi ɗaya yana kaɗa shi hagu da dama, ɗayan sama da ƙasa, kowane madubi bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Gudu ne ke sa ido ya ga zane. Wanda ya taso a karkara ya san yadda muke zaro bakin wuta daga murhu da dare mu wulwula, sai ka ga zoben wuta a iska. Shi ke nan, sai dai waɗannan maduban da ya saya an rubuta suna iya taɓa ɗigo dubu 20 cikin sakan ɗaya.

Wata ranar Asabar bayan la'asar ya shigo shago da kwali a hammata, fuska a murtuƙe.

"Kawu, sun cuce ni. Galbon nan mataccen kaya ne."

Muka ja ƙofa muka kunna. Ya sa kwamfutar ta zana murabba'i. Murabba'in kuwa ya fito, amma ɗan tsito, ya maƙale can sama ta hannun dama, sauran bangon duk duhu. Kafin in yi magana ya ɗauki ƙaramar sukundireba zai fara murɗa 'yan shuɗayen maɓallan da ke jere a kan fanel ɗin galbo. Na buge masa hannu. Yawancin waɗannan maɓallan an saita su ne tun daga kamfani don madubi ya tsaya cak inda aka ce ya tsaya ba tare da ya zarce ko ya yi karkarwa ba. Ka murɗa su da ka, sai madubin ya kama tsuwa, ya yi zafi, ƙarshe wayar cikinsa ta ƙone. Na ce masa, "Kafin ka taɓa komai, gaya mini: wannan fanel ɗin bolt nawa yake jira, kai kuma nawa kake ba shi?" Ya ce ai filogin ya shiga daidai, har launin wayoyin iri ɗaya ne.

Nan ne matsalar take, Edita, kuma ba tasa ba ce shi kaɗai. Shigar filogi ba ita ce dacewar wuta ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwar hatsi haka ne. A lantarki ido bai san komai ba, mitar awon wuta ce kaɗai ta sani.

Na ɗauko mita na ɗora. A cikin ƙafafun da ake haɗa mata waya, ESP32 tana da guda biyu, ta 25 da ta 26, da ke juya lamba ta koma wuta, kuma abin da suke fitarwa yana tsakanin sifiri ne da kusan bolt 3.3. Shi kuwa fanel ɗin galbo, a ƴar takardar da ta zo cikin kwalin, wadda yaron bai ko buɗe ba, an rubuta yana karɓar daga -5 zuwa +5. Sifiri a wurinsa ba ƙarshen hagu ba ne, tsakiya ne. In ka ba shi +5 madubi ya kai ƙarshen dama, in kana son hagu sai ka ba shi -5. Yaron nan bai taɓa ba shi abin da ya yi ƙasa da sifiri ba, don haka madubin bai taɓa leƙa hagu ko ƙasa ba. Kuma cikin tazarar bolt 10 da yake da ita, 3.3 kawai ake amfani da su, wato kashi ɗaya cikin uku a faɗi, kashi ɗaya cikin uku a tsawo. Kashi ɗaya cikin tara na bangon ke nan. Galbo lafiyarsa ƙalau, abin da aka ce ya yi shi ya yi.

Sai ya yi mini tambayar da kowane yaron shago ke yi: yaya za a yi wuta ta yi ƙasa da babu? Na zaro batir biyu masu bolt 9, irin na makirfo, na haɗa kan ɗaya da gindin ɗaya. Na ɗora baƙar wayar mita a mahaɗar, na taɓa ja a wannan gefe, ta nuna 9. Na taɓa ɗaya gefen, ta nuna 9 da ɗan karan ragi a gabanta. Na ce masa bolt ba abu ba ne da ke zaune shi kaɗai, tazara ce tsakanin wuri biyu. Mutumin da ke bakin rijiya, in ka tambaye shi ruwa yana ƙasa, reshen bishiya yana sama. Wanda ya nutse can ƙasan rijiyar, a wurinsa duka suna sama. Inda ka tsaya, wato inda ka ajiye baƙar wayar, shi muke kira girawun a shago. Shi ya sa akwatin wutar galbo ke da waya uku, +15 da girawun da -15, ba biyu ba kamar cajar waya.

Gyaran lissafi ne na aji uku a sakandare. Ka nemo tsakiyar abin da kake da shi, ka cire ta, sannan ka ninka. Tsakiyar 3.3 ita ce 1.65. In ka cire, sigina ta koma tana lilo tsakanin -1.65 da +1.65. Ka ninka sau uku, ka samu kusan biyar kowane gefe. Akwai ƙaramin aisi, wato ɗan baƙin guntun lantarki mai ƙafafu, da ke yin cirewar da ninkawar lokaci guda, irin wanda ke cike cikin kowace mikisa ta masu sauti.

Amma na ba shi shawara kada mu ɓata dalma a kan waɗancan ƙafafu biyu na ESP32, don matakai 256 kawai suke da su. A bango mai faɗin mita huɗu, kowane mataki ya haura santimita ɗaya da rabi, sai harafi mai lanƙwasa ya fito kamar matakalar bene. Ya sake yin oda, muka jira, aka kawo MCP4822, wani aisi da shi ma ke juya lamba ta koma wuta, mai matakai 4096, wanda a bangon nan ɗaya kowane mataki ba zai wuce milimita ɗaya ba. Muka ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Shi wannan aisin yana iya fitar da har bolt 4.096, amma sai an ciyar da shi da bolt 5. Yaron ya ciyar da shi da 5, ya jawo wayoyin umarni kai tsaye daga ESP32. Ranar farko ya yi aiki. Ranar biyu zane ya riƙa tsalle, wani lokaci ya daskare. Wannan ita ce irin cutar da na fi tsana, mai zuwa ta tafi, don ita ke sa mutum ya fara zargin abokan gaba. Na zauna da takardar bayaninsa a waya, ina ja da yatsa saboda idona ya fara gajiya, sai ga shi a rubuce: kafin ya yarda cewa an ce masa "e", sai sigina ta kai kashi 70 cikin ɗari na wutar da ake ciyar da shi. Kashi 70 na 5 shi ne 3.5. ESP32 kuwa iyakar muryarta 3.3. Wato tana magana ne ƙasa-ƙasa da mai nauyin kunne, wani lokaci ya ji, wani lokaci ya ce me kika ce. Akwai magani biyu. Ko a sa tafinta a tsakani, kamar 74HCT125, wanda bolt 2 ma ya ishe shi ya ji, ya kuma maimaita da bolt 5. A lura da harafin T ɗin nan, don ɗan'uwansa 74HC maras T shi ma nauyin kunnen gare shi. Ko kuma a sauke wutar MCP4822 ta dawo 3.3, a bar shi ya fitar da sifiri zuwa 2.048, a ƙara yawan ninkawa a gaba. Ba ni da mai T ɗin a durowa, don haka muka bi ta biyu. Tsakiya ta zama 1.024, muka sa rasista, wato ƴan kayan nan masu rage gudun wuta, mai 10k da mai 47k, ninki 4.7 ke nan, muka samu kusan 4.8 kowane gefe. Ɗan gibin da ya rage alheri ne, gara madubi ya tsaya kafin ya kai bango.

Akasin haka ya fi muni, kuma shi ma mun ɗanɗana. ESP32 da muke aiki da ita yanzu ta biyu ce. Ta farko ya haɗa mata maɓallin canja zane da layin bolt 5, ita kuwa ƙafafunta ba su jure abin da ya wuce 3.6. Ba ta mutu nan take ba, ƙafar ce ta fara shirme, daga baya duk ta bi. Rasista biyu, mai 1k da mai 2k, da sun sauke biyar ɗin zuwa 3.3. Kuɗinsu bai kai na ƙullin gyaɗa ba.

Kada a ce ina ta ɗora wa yaro laifi, ni ma na yi tawa. Na ciro TL084, aisin nan mai cirewa da ninkawa, daga wata tsohuwar mikisa da mai ita ya bari shekara da shekaru. Ƙafa ta 4 ita ke karɓar +15, ta 11 ita ke karɓar -15, na san wannan kamar yunwar cikina. Amma ana ta kiran magariba, ina sauri, na dasa shi a juye. Muna kunnawa ya ce ɗas, wari ya tashi, bayansa ya tsage. Yaron ya sunkuyar da kai yana danne dariya, ya ce, "Kawu, bolt nawa yake jira?" Na ce ya tashi mu tafi masallaci.

Da muka sa wani, murabba'i ya dawo tsakiya ya cika bango, amma layukansa suna rawa kamar an zana su a kan ruwa. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar tana cin wuta daga cajar waya, galbo daga akwatinsa, kuma ba a haɗa girawun ɗinsu ba. Kowa yana awo daga inda ya tsaya, kamar mai saye ya zo da mudunsa, mai sayarwa ya riƙe nasa. Guntuwar waya ɗaya mai kauri ta kashe rawar.

Bangaren launi ma yana da nasa. Kan leza iri biyu ne. Akwai mai TTL, wanda kunnawa da kashewa kaɗai ya sani: ƙasa da bolt 0.8 a kashe, sama da 2 a kunne. Da ja da kore da shuɗi, launi bakwai za ka samu, ba ƙari. Akwai kuma wanda haskensa ke bin wutar da ka ba shi daga sifiri zuwa 5, shi ne mai iya dusashewa a hankali. In ka ba wa irin wannan 3.3 ba zai kai ƙarshen haskensa ba, ka yi ta zagin mai sayarwa a banza. Namu mai TTL ne, 3.3 ta ishe shi. Sai dai na gano wani hali nasa da ya tayar mini da gashin jiki: in wayar umarni ta cire, ba kashewa yake yi ba, kunnuwa yake yi da dukkan ƙarfinsa. Haka kuma a ɗan lokacin da kwamfutar ke farkawa. Madubi a tsaye, haske a wuri ɗaya. Muka sa rasista mai janye layin zuwa girawun, muka gwada ta hanyar fizge wayar da gangan har muka tabbata yana mutuwa, sannan na ƙara makunni mai ɗan makulli a kan wutar lezar.

Duk wannan wahalar, ashe wasu sun sha ta tuntuni sun zauna sun yi yarjejeniya. Akwai ƙungiyar masu wasan hasken leza ta duniya, ILDA, da aka kafa a 1986. Su suka tsayar da ma'aunin da manyan na'urori ke bi, da filogi mai ƙafa 25 irin na tsohuwar firinta. A tsarinsu hagu da dama waya biyu ne, ƙafa ta 1 da ta 14. In ɗaya ta hau +5 ɗayar ta sauka -5, na'urar kuma bambancinsu take karantawa, wato har bolt 10 kowane gefe. Hikimar ita ce, duk hayaniyar da doguwar waya ta kwaso a hanya, daga janareta ko wayoyin fitilu, tana shiga duka biyun daidai, in aka cire ɗaya daga ɗaya sai ta ɓace. Masu sauti sun san wannan ko ba su san sunansa ba, shi ya sa wayar makirfo mai ƙafa uku ba ta gurnani ko ta kai ƙarshen zaure. Wanda ya haɗa na'urarsa mai waya ɗaya da majigi mai bin wannan tsari, ya ga zane ya fito rabi, kada ya ce an cuce shi. Launuka kuma sifiri zuwa 5 ne a ƙafa ta 5 da ta 6 da ta 7. Sun kuma ware ƙafa ta 4 da ta 17 don tsaro kawai: in aka zare filogin, lezar ta mutu.

Wani abokinsa ya ce masa ai da katin sauti na kwamfuta ma ana yi, ba sai an sha wannan wahala ba. Ana yi, amma katin sauti yana da kondensa a bakin fita da ke hana wuta tsayawa a mataki ɗaya. Ka ce madubi ya tsaya a dama, sai ya sulale ya dawo tsakiya. Sai an tsallake kondensar, an kuma dawo kan cirewa da ninkawar nan dai.

Maganar ido kuwa ba zan sassauta ba. Ƴar lezar da ake nuna allo da ita, wadda ƙiftawar ido ke iya kare mutum daga gare ta, ba ta wuce miliwat ɗaya ba. Duk abin da ya haura miliwat 500 yana aji na huɗu, ajin ƙarshe a haɗari, wanda ko haskensa da ya dawo daga bango na iya yin illa. Ta ɗan ƙanwata tana cikin wannan ajin. Na riƙa masa baƙar leda a gabanta, kafin ya ƙirga uku ta huje. Baƙin tabarau na rana ba ya tare ta, akwai nata na musamman. Wurin biki kuma cike yake da yara masu kutsawa ko'ina, da ƴan mata masu ɗaga waya, ita ma kyamarar waya lezar na ƙona ta. A Amurka ƙa'idarsu ita ce hasken ya wuce aƙalla mita uku sama da inda jama'a ke tsaye, kuma ita na ɗora masa. Na kuma ce ko da wasa kada ya harba ta sama a fili. Filin jirgin Lawanti ba nisa gare shi ba, kuma matuƙin da ke shirin sauka da alhazai ba ya bukatar koren haske a fuskarsa.

Roƙona gare ka, Edita, in wakilinku ya je wurin mai ƙere-ƙere, bayan hoto ya tambaye shi me ya ƙone, me ya sa, bolt nawa. In da hali ku ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, masu sana'ar hannu su riƙa bayani da Hausa. Akwai masu gyara a Gombe da Bauchi da suka fi ni sani nesa ba kusa ba, ba a dai taɓa tambayarsu ba ne. Malaman makarantun koyon sana'a kuma, don Allah a danƙa wa yaro mita a hannunsa tun makon farko, ko da guda ɗaya ce aji zai riƙa karɓa-karɓa.

Majigin dai yana aiki. Daren da muka gama, ya kira mahaifiyarsa ta zo shago ta gani, ya rubuta mata SANNU INNA da kore. Rubutun ya fito fes, ba rawa, ba tsalle, sai dai daga dama ya faro zuwa hagu, kowane harafi ya juya baya. Ta duba ta ce ita ajami ma ta iya, amma wannan ya fi ƙarfinta. Wayoyi biyu na hagu da dama ne muka musanya a bakin fanel. Na miƙa masa ƙarfen dalma ya gyara da kansa. Bikin farko da zai kai shi bayan Sallah ne a Tumfure, kuma makullin yana aljihuna har sai na je na ga inda zai kafa shi.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Mai gyaran rediyo,
Jekadafari, Gombe.